Shin ƙwayoyin man kifi na narkar da tumbi? Abin da bincike ya gano

A shafukan Facebook da TikTok da rukunonin WhatsApp, tallan ba ya wuyar gani: kwalba cike da ƙwayoyi masu ruwan zinare, an rubuta Omega-3 ko CLA ko MCT a jikinta, ana alƙawarin za ta narkar da tumbi cikin wata guda ba tare da an rage tuwo ba. Kuɗin kwalba ɗaya kuwa kan kai na cefanen kwanaki.

Abin da ke cikin ƙwayoyin mai ne zalla, wanda ake tatsa daga kifi ko kwakwa ko irin wasu furanni. To ta yaya shan mai zai rage kitse? Masana sun shafe fiye da shekara 40 suna bin diddigin wannan tambaya, kuma amsar da suka samu ba za ta yi wa masu talla daɗi ba.

Inda labarin ya samo asali

A 1970 wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jorn Dyerberg, suka je tsibirin Girinland mai ƙanƙara domin auna jinin al'ummar Inuit. Mutanen nan kusan duk abincinsu kifi ne da naman dabbobin teku masu kitse, amma sai aka tarar maiƙon da ke yawo a jininsu bai kai na Turawan Denmak ba. Likitocin suka danganta hakan da wani nau'in maiƙo da ke jikin kifin teku, wato Omega-3, musamman rassansa biyu da ake kira EPA da DHA. Daga nan kasuwar man kifi ta buɗe.

Sai dai daga baya an gano giɓi a labarin. A 2014 wasu masana a Kanada suka nuna cewa likitocin ba su auna yawan ciwon zuciya a tsakanin Inuit da kansu ba, bayanan hukuma suka dogara da su. A 2015 kuma wani bincike da mujallar Science ta buga ya gano cewa ƙwayoyin halittar Inuit sun sauya tsawon dubban shekaru har suka dace da irin wannan cima. Ke nan ba lallai ne jikin Bakano ko Badamagare ya karɓi man kifi kamar nasu ba.

Abin da yake yi da wanda ba ya yi

Akwai aikin da babu gardama Omega-3 na yin sa. Hanta ce ke haɗa wani maiƙo mai suna tiraigilisaraid ta tura shi cikin jini, kuma EPA da DHA na rage mata yawan wanda take turawa. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa giram 4 a rana na irin wanda likita ke rubutawa na rage wannan maiƙo da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

A nan ne ake rikita mutane. Maiƙon da ke yawo a jini daban, kitsen da ya taru a ciki da cinya daban. Ana iya ganin na jinin ya sauka a takardar gwaji, amma sikeli bai motsa ba.

Hakan ce ma ta faru da aka tattara gwaje-gwaje. A 2018 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace sakamakon binciken lafiya, ta duba gwaji 79 da aka yi a kan mutum sama da 112,000. Ta tarar ƙarin Omega-3 na rage tiraigilisaraid, amma tasirinsa a kan ƙiba kaɗan ne ko ma babu.

To daga ina masu talla ke samo hujja? Galibi daga ɓeraye. A 2015, alal misali, masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan suka ga ɓerayen da aka ciyar da man kifi ba su yi ƙiba kamar sauran ba, domin jikinsu ya ƙara ƙona kitse yana mayar da shi zafi. Binciken gaskiya ne. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma idan aka yi la'akari da girman jiki, man da ake zuba wa ɓera a abinci ya fi ƙarfin ƙwaya ɗaya ko biyu da mutum ke haɗiya da safe. Ƙwayar kanti mai miligiram 1,000 sau da yawa EPA da DHA ɗin cikinta ba su wuce miligiram 300 ba, sauran wani maiƙon ne. Kowane giram na mai kuma, ko na kifi ko na gyaɗa, kalori 9 ne.

CLA da MCT fa?

CLA maiƙo ne da ake samu kaɗan a nono da man shanu da naman dabbobi masu tuƙa. Wanda ake sayarwa a kwalba kuwa a masana'anta ake sarrafa shi daga man irin furanni, kuma haɗinsa ba iri ɗaya ba ne da na man shanu. Shi ma ɓeraye ne suka ɗaga sunansa: a 1997 masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka ga ya rage musu kitse da kusan kashi 60 cikin 100.

Da aka zo kan mutane sai abin ya koma cikin cokali. Wani nazari na 2007 da ya haɗa gwaje-gwaje 18 ya nuna masu shan giram 3.2 a rana sun fi waɗanda aka bai wa ƙwayar bogi rage kitse da kimanin giram 90 a mako, wato nauyin da bai kai na ƙwai biyu ba. Akwai kuma abin damuwa. A 2002 masu bincike a Uppsala ta Suwidin suka bai wa maza masu tumbi wani nau'in CLA na tsawon mako 12, sai jikinsu ya ƙara bijire wa sinadarin insulin. Ga mai ƙiba da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

MCT kuma daga man kwakwa da alayyadi ake tace shi. Jiki na kai shi hanta kai tsaye ya ƙona shi da wuri, ba kamar sauran mai ba. Wani nazari na 2015 ya nuna bambancin da yake kawowa a nauyi kusan rabin kilo ne cikin makonni goma, shi ma idan an maye gurbin wani man da shi. Wanda ya ci shinkafa da mai da yaji, ya ɗora cokali biyu na MCT a kai, ƙari ya yi.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mutane da yawa na ɗaukar cewa tunda daga kifi ne, ba ya cutarwa. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi da giram 4 a rana, ɗaya a 2018 ɗaya a 2020, sun saɓa wa juna kan ko yana kare zuciya: na farko ya ga raguwar matsalolin zuciya da kashi 25 cikin 100, na biyu bai ga amfani ba har aka dakatar da shi. Amma dukkansu sun ga ƙaruwar rikicewar bugun zuciya a tsakanin masu shan sa. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta sa a rubuta wannan matsala a takardar magungunan Omega-3.

Don haka mai ciwon zuciya, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da wanda ake shirin yi wa tiyata, bai kamata su fara sha ba sai da sanin likita. Lambar NAFDAC a jikin kwalba kuma ba shaida ce ta cewa ƙwayar na rage ƙiba ba. Akwai kuma batun ajiya: man kifi na saurin lalacewa a zafi da haske, kuma kwalbar da ta yi watanni a kan teburin mai talla cikin zafin bazara na iya zama ta ɓaci tun kafin a saye ta. Ƙarni mai tsanani idan an fasa ƙwayar alama ce.

Wanda ke neman Omega-3 don lafiyar zuciya, shawarar da likitocin zuciya suka daɗe suna bayarwa ita ce cin kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. A kasuwanninmu sukumbiya da shawa da sadin na gwangwani ne ke da shi da yawa. Tarwaɗa da karfasa, duk da daɗinsu, nasu bai taka kara ya karya ba. Gashi ko farfesu ya fi, domin kifin da aka tsoma cikin kaskon mai yakan fito ɗauke da ƙarin kalori.