Kwana Uku a Birnin Prag

Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, yana bakin kogin Vltava a tsakiyar Turai, kuma mazaunansa sun haura miliyan ɗaya. Yaƙin Duniya na Biyu bai yi masa ɓarna irin ta Warsaw ko Berlin ba, shi ya sa tsohon garin yake tsaye da gine-ginensa na asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Manyan wuraren kallo suna kusa da juna, da ƙafa ake zaga su, don haka kwana biyu ko uku sun ishi baƙo.

Galibi daga dandalin tsohon gari ake farawa a rana ta farko. A jikin hasumiyar majalisar birni akwai agogon da aka ƙera a 1410, mai nuna lokaci da matsayin rana da wata. Duk cikar awa ƙananan tagogi biyu sukan buɗe, mutum-mutumin manzannin Almasihu goma sha biyu su gifta, wani ƙwarangwal yana jan igiyar ƙararrawa. Wasan bai fi minti ɗaya ba, amma jama'a kan yi cincirindo tun kafin lokaci.

Daga nan sai Gadar Charles, wadda Sarki Charles na Huɗu ya aza harsashinta a 1357. Gadar dutse ce mai tsawon sama da mita 500, da mutum-mutumi 30 a jere gefe da gefe, kuma mota ba ta hawa. Da rana ba masaka tsinke, ga masu zane ga makaɗa. Mai son ganin kyanta sai ya yi sammako, lokacin hazo na kan ruwa, tsaunin Fadar Prag yana fitowa a tsallake. Wannan sammakon ya fi kowane tikiti daraja a tafiyar.

Rana ta biyu sai fadar, wadda ta samo asali tun ƙarni na 9, kuma har yau nan ne ofishin shugaban ƙasa. A cikinta majami'ar Vitus take, wadda aka soma a 1344, ba a kammala ba sai 1929. Hawan tsaunin da wahala, amma taragon lantarki mai lamba 22 yana kaiwa kusa da ƙofa.

Rana ta uku ta dace da unguwar Yahudawa ta Josefov da dandalin Wenceslas, inda dubban mutane suka taru a Nuwamban 1989 har mulkin kwaminisanci ya faɗi.

Bizar Shengen ake shiga da ita, amma kuɗin ƙasar koruna ne, ba yuro ba. Titunan tsohon gari shimfiɗar duwatsu ce, sai da takalmi mai laushi. Girkin Cek kuwa yana yawan haɗawa da naman alade, don haka baƙo Musulmi kan tambaya kafin ya ci, ko ya nemi gidajen abincin Turkawa da Larabawa.