Abin da Ke Riƙe Dutse a Kan Zobe

Duk wanda ya taɓa sa zoben azurfa mai dutsen aƙiƙ, ko na 'yan koli a kasuwar Batsari ko tsarabar alhazai, ya san takaicin nan: kana cikin alwala ka duba yatsa, zobe na nan, dutse ya yi nasa wuri. Sai ka ji an ce gam ne ya saki. To, zoben kirki ba gam ke riƙe dutsensa ba. Ƙarfen zoben ne ke rungume shi, a cikin gurbin da aka yanka daidai jikinsa.

Ƙira a ƙasar Hausa gida biyu ce. Manomin Safana ko Runka ya fi sanin maƙeran baƙi, masu fartanya da lauje da garma. Maƙeran fari kuwa azurfa da tagulla da zinare ne abin aikinsu, kuma a da har tsofaffin kuɗin azurfa suke narkawa, ciki har da na Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780. Da awartaki da magagari da 'yar masaba suke zagaye dutse da siririyar katangar azurfa, su danne bakinta a kansa. Dabarar tana da kyau, amma ga dutse mai shimfiɗaɗɗen gindi. Wanda aka feƙe gindinsa ya yi tsini, irin lu'ulu'u da yakutu, sai an haƙa masa mazauni, kuma bakin magagari ba ya shiga wannan lungu.

Nan ne wani ɗan tsinken ƙarfe yake shigowa. Kaurin jikinsa milimita 2.35 ne, kansa kuma haƙora ne reras, wani bai kai ƙwayar gero ba. Ana ɗaura shi a bakin ƙaramin inji mai juyawa. Wanda ya taɓa zama a kujerar likitan haƙori ya san ɗan'uwansa, don kamfanin Busch na Jamus duka biyun yake ƙerawa. Akwai mai kai kamar ƙwallo, na buɗe rami. Akwai mai kaifin gefe, wanda ke yi wa kowane farcen zobe, wato 'yan yatsun ƙarfen da ke kama dutse, ɗan tsagi inda gefen dutse zai kwanta. Akwai mai kai kamar ƙoƙo, aikinsa dulmuɗe bakin farcen don kada ya riƙa kama mayafi yana tsinke zare.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsinken ba ya yanka dutsen. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, zinare da azurfa ba su wuce 3 ba, ƙarfen magagari yana wajen 6 da rabi, aƙiƙ ya kusa 7, yakutu 9, lu'ulu'u 10. Ƙarfe yana cin azurfa kamar wuƙa da sabulu, amma in ya goga yakutu haƙoransa ne za su dakushe. Shi ya sa ake gyara gida ya dace da dutse, ba a gyara dutse ya dace da gida.

Aikin yana son haƙuri. In aka sake wa inji gudu, tsinken ya yi zafi ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi ke nan. Don haka gwani yakan tsoma shi cikin kakin zuma lokaci-lokaci. In kuma tsagin ya zurfafa, farcen ya raunana, wata rana ya karye. In bai isa ba, dutse ya zauna a karkace. Ko garin da ke zuba ba a sharewa, tara shi ake a sake narkawa, musamman na zinare.

Mai haɗa lefe ba sai ya koyi ƙira ba kafin ya gane ko dutse ya zauna da kyau. Ya kai zoben ko ɗan kunnen kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa da yatsa. In ya ji ƙas-ƙas, dutsen yana rawa. Ya goga shi a gefen rigarsa ya ga ko zai kama zare. Sannan ya juya shi ya leƙa ta baya, don mai aiki da gam yawanci a can yake barin shaida.