Ɓatanci ga addini

Ɓatanci ga addini shi ne furuci ko rubutu da ke wulaƙanta Allah, Annabawa, littattafai masu tsarki ko wani abin da addini ya girmama. Hausa tana da kalmomi da dama a kan haka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Kalmomi da ma'anarsu

Saɓo ya fito ne daga "saɓa", kamar a saɓa alkawari. A wajen Musulmi ya haɗa duk wata ƙetare umarnin Allah, daga ƙarya har zuwa sata. Kiristoci Hausawa kuwa suna amfani da shi wajen maganar raini ga Allah, kamar yadda yake a fassarar Littafi Mai Tsarki.

Ɓatanci daga "ɓata" yake, kamar a ɓata suna. Shi ne kafafen labarai suka fi amfani da shi idan ana zargin wani da taɓa mutuncin Annabi Muhammadu (SAW). Izgili yana nufin mayar da abin addini abin dariya. Ridda kalmar Larabci ce, ma'anarta fita daga Musulunci. Littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, ya rufe da bayanin hukuncin zagin Annabi, kuma har yau ana karanta shi a makarantun zaure.

A doka

Sashe na 210 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ga wanda ya ci mutuncin addini a bainar jama'a. Dokar Shari'a ta Kano ta shekarar 2000 ta tanadi kisa ga Musulmin da ya zagi Annabi. A duka biyun, kotu ce kaɗai ke da hurumin tabbatar da laifin.

Kaduna, 2002

A Nuwamban 2002 jaridar ThisDay ta buga wata maƙala kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wadda Musulmi suka ɗauka ɓatanci ce. Jaridar ta nemi gafara, amma aka ƙona ofishinta na Kaduna, rikici ya kashe fiye da mutum 200, aka mayar da gasar Landan. Wannan rikicin da na 2000 sun ƙara raba garin: Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, a unguwanni irin su Kawo da Rafin Guza, Kiristoci kuma a kudu.