Yini Da Kwana A Duwatsun Shere: Abin Da Mai Niyyar Zuwa Ya Kamata Ya Sani

A hutun da ya wuce, ana tsakiyar hunturu, mu takwas muka haɗa kuɗin mota muka nufi Jos don mu hau duwatsun Shere mu kwana a can. Tun da muka dawo ake tare ni a bakin ajin lakca ana tambaya, "Wai da gaske a kan dutse kuka kwana? Ba wahala?" Akwai wahala mana. Amma abin da na gano shi ne, ba ƙarfi ke kai mutum ya dawo da shi lafiya ba, lissafi ne. Tun da na ji wasu na shirin zuwa, bari in yi bayani.

Duwatsun Shere suna gabas da Jos, tazarar kimanin kilomita 10. Ita kanta Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. A yankin ne makarantar horon nan take, wadda 'yan Man O' War ke zuwa atisaye. Hanyar da muka bi ta ratsa gonakin acca da aka riga aka girbe, da shingayen ƙerana, sannan ta shiga tsakanin manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su.

Lissafin farko na lokaci ne. A 1892 wani mahayin dutse ɗan Scotland, William Naismith, ya kawo wata ƙa'ida mai sauƙi: a ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan tafiyar kilomita 15 mai hawan mita 600 za ta ci awa huɗu. To amma fa wannan na mutum ne mai ƙoshin lafiya, ba hutu, ba kaya mai nauyi. Mu muna ɗauke da tanti da tukunya da barguna, ga masu tsayawa ɗaukar hoto kowane taku goma. Ayari kuma da saurin na bayansa yake tafiya. A watannin hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, don haka tun kafin a tashi a tsayar da lokacin da za a daina hawa, ko an kai ko ba a kai ba.

Na biyu ruwa ne, kuma a nan muka kusa yin da-na-sani. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa abokin ɗakina ya ɗauko gora ɗaya tak, wai don jakarsa ta yi sauƙi. Hunturu mayaudari ne: iska busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sanyi kuma na ɓoye ƙishirwa. Wajen azahar sai ya fara kukan ciwon kai, can kuma jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya zube a gefen hanya. Ɗan jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙauyen gindin dutsen, ya ce, "Zauna, ɗana, dutsen ba gudu zai yi ba." Muka haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har ya dawo hayyacinsa. Shawarata, kada ka tashi da ƙasa da lita uku, kuma ruwan rafi a tafasa shi kafin a sha.

Wannan tsayawar ta cinye mana fiye da awa ɗaya. Da la'asar ga ƙololuwa muna hango ta kusa-kusa, sai Baba ya ce a nan za a tsaya. Gardama ta kaure. Wani ya ce, "Haba Baba, mun kashe kuɗin mota, mu koma ba mu taka sama ba?" Ya ce hawa ba shi ne matsala ba, saukowa cikin duhu da gajiyayyun ƙafafu ita ke karya mutum. Muka bi maganarsa, ba don ranmu ya so ba.

Na uku shi ne makwanci. Yawanci zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da ka hau, ga iska kuma a kai. Kada a kafa tanti a ƙololuwa, iska za ta hana barci. Kada kuma a kafa a cikin kwari, don iska mai sanyi can take gangarawa da dare, da damina kuwa ruwa na iya taho muku ba sallama. Mu mun samu wani fili a bayan wani ƙaton dutse da ya tare mana iska. Ƙasa na zuƙe ɗumin jiki, saboda haka shimfiɗar ƙasa ta kai bargo muhimmanci. Kafin mu hura wuta mun share busasshiyar ciyawa mun kewaye wurin da duwatsu, don da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji. Muka dafa taliya, muka sha shayi, muna kallon fitilun Jos can ƙasa. Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama.

Sai maganar tsaro, wadda ba ta wasa ba ce. A nemi ɗan jagora ɗan gari, a gaida mai unguwa a tambaye shi halin da ake ciki, a kuma faɗa wa na gida inda za a bi da lokacin dawowa, don ba ko'ina ake samun sabis ba. Leda da gwangwani kuwa, yadda ka hau da su haka za ka sauko da su.

Ƙololuwar fa? Bayan asuba, jiki ya huta, muka ƙarasa ta cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Abokin ɗakina ne ma ya riga kowa isa, da gora biyu a hannu.