Jarkar ruwan da waya ke ɗora maka a wuya

Kafin mu yi nisa, kai da kake karanta wannan rubutu yanzu, kada ka motsa. Dubi yadda ka riƙe wayarka. Tana daidai cibiya ko kan cinya, kanka a sunkuye, kafaɗunka sun zubo gaba, ko ba haka ba? To, maganar da za mu yi yau ke nan.

Da yawa cikinmu muna tashi da safe wuya a sage, ƙeya na ciwo, wani lokaci har da ciwon kai. Sai mu ce ai kwanciya ce ba mu yi daidai ba, ko filo ne ya yi tudu. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa laifin na awannin da muka kwashe jiya ne a TikTok da WhatsApp, kai a ƙasa.

Ga yadda abin yake. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5. Ƙananan ƙasusuwa guda 7 ne a wuya suke ɗauke da shi, da taimakon tsokoki da jijiyoyi. Idan kai yana tsaye daidai saman kafaɗu, aikin ba wuya. Da zarar ka sunkuyar da shi, tsokokin ƙeya ne za su riƙa janyo shi ta baya don kada ya faɗi gaba. Gwada ɗaukar bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙa hannu ka riƙe shi nesa. Ruwan bai ƙaru ba, amma hannunka zai gaya maka bambanci.

A shekarar 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a jihar New York ta Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafin wannan nauyi da kwamfuta. Ya ce idan ka ɗan sunkuya digiri 15, wuya yana jin kamar kilo 12. A digiri 30 ya kai kilo 18. Idan ka sunkuya sosai har digiri 60, irin wanda haɓa ke neman taɓa ƙirji, ya kai kilo 27. Jama'a, wannan ya ɗara nauyin jarkar ruwa mai lita 25 irin ta 'yan garuwa.

Amma fa kada wannan ya firgita ku. Sunkuyawa ita kaɗai ba cuta ba ce, an halicci wuya ne don ya lanƙwasa. Matsalar ita ce daɗewa. Awa biyu, awa uku a yanayi ɗaya ba motsi, tsoka ta gaji ta ɗaure, daga nan ciwo ya fara. Shi ya sa tela da ɗalibi mai karatun jarabawa da mai aikin POS duk suke kuka da abu ɗaya. Rashin barci da damuwa ma suna ƙara wa wutar fetur.

To mene ne mafita?

Na farko, ɗaga wayar ta zo kusa da ido, ba kai za ka bi ta ƙasa ba. Idan hannu ya gaji, ɗora gwiwar hannu a kan teburi ko filo.

Na biyu, duk bayan minti 20 zuwa 30 ka ajiye ta, ka miƙe, ka juya wuya dama da hagu a hankali, ka juya kafaɗu baya. Akwai kuma wani motsa jiki mai sauƙi: ka kalli gaba, ka ja haɓarka baya kamar za ka yi wuya biyu, ka riƙe na daƙiƙa 5, ka saki. Yi sau goma.

Na uku, masu laftof, ku ɗora ta a kan littattafai har saman allon ya zo daidai ido, ku nemi kibod na daban in da hali. A daina aiki da ita a kan katifa.

Na huɗu, kallon fim a kwance rub da ciki, ko da filo uku a ƙeya, a rage shi. Kuma a daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana wanke-wanke.

Idan ciwon ya riga ya zo, tsumma mai ɗumi da motsi a hankali suna taimakawa, kuma yawanci yana lafawa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Kada ka mayar da diclofenac ko ibuprofen abincin kullum daga kemis, yawan shansu na iya taɓa ciki da ƙoda. Kada kuma ka ba wani wuyanka ya murɗa don ya yi ƙara.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne wurin da ba a wasa. Idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai ko ƙin haske, wannan ba maganar waya ba ce. Alamun sanƙarau ne, cutar da muka sani tana ɓarkewa a yankinmu lokacin rani da zafi. A garzaya asibiti a take, kada a jira gari ya waye. Haka nan idan ciwon na sauka zuwa hannu, yatsu na mutuwa, hannu ba ƙarfi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, a ga likita. Wanda ya wuce makonni bai ji sauƙi ba, shi ma ya je, ana iya tura shi wurin likitan gashin ƙashi.

Aikin gida na wannan mako: shiga saitin wayarka ka duba awa nawa ka yi a kanta jiya, ka rubuto mana a ƙasa, ba ƙarya. Ka kuma tura wa abokin nan naka da kullum hannunsa ke kan ƙeya.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.