Hutu a jirgin ruwa: ku duba biza kafin tikiti

Yau zan yi magana ne kan hutu a ƙaton jirgin ruwa, irin wanda ke tashi daga Basalona ya yi kwana 7 a tekun Bahar Rum, yana tsayawa a tashoshin Faransa da Italiya.

Shawarata ta farko, kada ku biya kuɗin tikiti sai kun duba jerin tashoshin. Sifaniya, Faransa da Italiya, bizar Schengen ɗaya ta ishe ku. Amma fa idan jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya, kun fita yankin ke nan, dawowa sai da biza mai shiga sau da yawa. In babu ita, tun a tasha za a iya hana ku hawa, kuɗinku kuma da wuya su dawo.

Ta biyu, ku isa Basalona ana gobe tafiya. In kun sauka yawo a wani gari, ku koma da wuri, don jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Ɗaki da abinci kuwa suna cikin tikiti, naku hutawa kawai. Sai shiri na gaba.