CIWON PPR NA AWAKI DA TUMAKI: YADDA YAKE YAWO CIKIN JIKI

Ƴan uwa masu kiwo na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, sau nawa ka sayo akuya a kasuwa lafiya lau, bayan sati guda sai majina da zawo su kama garke? Kada ka yi saurin zargin dillali. Ciwon PPR, ɗan uwan bushiyar shanu da aka kawar daga duniya a 2011, yana da dabarar ɓuya.

Ga yadda abin yake. Jikin dabba yana da sojoji, wato fararen ƙwayoyin jini. Aikinsu su kama baƙuwar cuta su kai ta kaluluwa, inda ake shirya yaƙi da ita. To, in akuya ta shaƙi ƙwayar PPR ta hanci, sai ƙwayar ta kutsa cikin sojojin nan da ke gadin hanyar numfashi. Su ne da kansu za su ɗauke ta zuwa kaluluwa. Can za ta hayayyafa, ta shiga wasu sojojin, su bi jini da ita har saifa, hanji da huhu. Ka ga mai gadi ya zama jakin ɓarawo.

Tafiyar nan takan ɗauki kwana 4 zuwa 6, dabba na cin abincinta, ba alamar komai. Daga baya zazzaɓi ya zo, da hawaye, majina, gyambon baki da zawo. Kuma da yake an kashe sojoji da yawa, sai ciwon huhu ya samu ƙofa a buɗe. Shi ke ƙarasa ƴan awaki.

Saboda haka:

1. Sabuwar dabba, ka ɗaure ta waje guda kwana 21, da kwanon ruwanta daban.
2. Kada ka dogara ga kafso. Ba ya kashe wannan ƙwaya. Ciwon huhun da ke biyo baya kawai yake ragewa.
3. Ka kai bisashenka rigakafi. Allura ɗaya tana tsare dabba shekara 3 ko fiye, don tana koya wa sojoji gane maƙiyi tun da wuri.
4. In ka ga alama, ka ware marar lafiya, ka sanar da ma'aikacin kiwo ranar nan.

Ƙasashen duniya sun sa 2030 don gamawa da PPR. Jar akuyarmu ta Maraɗi tana cikin masu jira.